Kafin A Goge Kwamfuta, A Karanta Abin Da Ta Rubuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata matsala da ke yawan samun ɗaliban kwamfuta a garuruwanmu, wadda na lura cewa maganin da ake yi mata ya fi ita kanta cutar ɓarna. Ni malami ne a wata ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta a Zariya, kuma abin da ya tunzura ni na yi wannan rubutu shi ne asarar da wata ɗalibata ta yi kwanan baya, wadda batir ɗaya mai faɗin kwabo ya isa ya hana aukuwarta.

Da farko ya kamata in yi wa mai karatu bayanin abin da nake magana a kai. Akwai manhajoji irin su VirtualBox da VMware Workstation da Hyper-V waɗanda ke ba mutum damar kafa kwamfuta ta biyu a cikin kwamfutarsa. Wannan ta biyun ba ta da ƙarfe ko waya, manhaja ce zalla, amma ana kunna ta ana kashe ta kamar ta gaske, kuma ana ɗora mata babbar manhajarta daban. Mutum yana kan Windows, sai ya buɗe wata taga ya ga wata babbar manhajar, kamar Ubuntu ko Kali Linux, tana aiki a ciki, ba tare da ɗaya ta taɓa kayan ɗaya ba. Masu harkar suna ce mata VM a taƙaice. Waɗanda suka ƙirƙiro fasahar sun raɗa wa ɓangarorin biyu sunayen da kowane Bahaushe zai gane nan take, wato mai masauki da baƙo. Kwamfutar da ke kan tebur ita ce mai masauki, wadda ke cikinta ita ce baƙuwa, kuma duk abin da baƙuwa za ta ci, daga ƙarfin furosesa, wato injin lissafin kwamfuta, zuwa RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta ta wucin gadi, da wurin ajiya, daga tukunyar mai masauki ake ɗebo shi. Da waɗannan sunaye zan ci gaba.

Fasahar ba ta jiya ba ce. Kamfanin IBM ya soma ta a manyan kwamfutocinsa tun shekarun 1960, ya kuma fitar da tsarin VM/370 a 1972. Kamfanin VMware ya sauko da ita kan kwamfutocin tebur a 1999. Ita kuwa VirtualBox, wadda ɗalibanmu suka fi amfani da ita saboda kyauta ce, wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ya ƙirƙiro ta, Sun Microsystems ya saye shi a 2008, sannan ta koma hannun Oracle a 2010. Na kawo wannan ne domin a san cewa cututtukanta sanannu ne, kusan kowace tana da suna da lamba. A wajenmu ne take kamar sabuwa, musamman tun da matasa suka duƙufa wajen koyon tsaron intanet da sarrafa sabobi, har gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin 3MTT a 2023 domin horar da su a fannonin fasaha.

Ɗalibar da na ambata tana aikin kammala karatunta ne a kan wata kwamfutar tebur ta gwanjo da yayanta ya saya mata, irin waɗanda ofisoshin ƙasashen waje suka gama amfani da su aka shigo mana da su. Wata uku ta yi tana gina rumbun bayanai da shafin intanet a cikin baƙuwar Ubuntu. Wata safiya ta danna maɓallin tayar da baƙuwar, sai wani ƙaramin akwati ya fito da rubutu, baƙuwa kuwa ta ƙi tashi. Ta rufe akwatin ta sake dannawa, ya sake fitowa, ta sake rufewa, har sau uku, ba tare da ta karanta ko layi ɗaya ba. Daga nan aka ɗora kwamfutar a kan babur aka kai wa wani mai gyara, wanda ya yanke hukunci cewa Windows ce ta lalace, sai an yi mata fomatin. A gaskiya ya yi iya ƙoƙarinsa, domin ya kwashe mata hotuna da takardun da idonsa ya gani kafin ya goge. Abin da bai sani ba shi ne, baƙuwar gaba ɗayanta, da aikin wata ukun da ke cikinta, fayil ne guda mai ƙarewa da .vdi, yana zaune a cikin wata folda mai suna VirtualBox VMs a ma'ajiyar mai amfani da kwamfutar. Bayan an ɗora sabuwar Windows, ta sake sauke VirtualBox, ta kafa sabuwar baƙuwa, sai ga akwatin nan ya dawo da rubutunsa kamar ba a yi komai ba. Garin neman gira an rasa ido.

Da aka kawo mini kwamfutar, ina jona ta da wuta, tun kafin Windows ta tashi, sai baƙin allo ya rubuta cewa ba a saita lokaci da kwanan wata ba, a danna F1 a ci gaba. Na tambaye ta, ta ce ai tun ranar da abin ya fara take ganin wannan, sai dai ta danna F1 ta wuce. Da muka shiga, agogon kwamfutar ya koma shekaru baya. Muka tayar da baƙuwar, na ce ta karanta mini abin da akwatin ya ƙunsa da ƙarfi, sai ta karanto "VT-x is disabled in the BIOS for all CPU modes", a ƙarƙashinsa kuma akwai lambar VERR_VMX_MSR_ALL_VMX_DISABLED. Ma'ana, kwamfutar tun ranar farko ta faɗi abin da ke damunta, har da wurin da za a je a gyara.

Bayanin abin shi ne, domin baƙuwa ta yi aiki da sauri ba tare da ta yi wa mai masauki kutse ba, ana buƙatar furosesa da kansa ya ware mata ɗaki. Kamfanin Intel ya saka wannan dabara a furosesocinsa daga 2005 ya kira ta VT-x, AMD kuma ya biyo baya a 2006 da tasa mai suna AMD-V. A da VirtualBox tana iya lallaɓawa da wasu baƙin ko da babu wannan taimako, amma tun fitowar 6.1 a Disamban 2019 ta daina, idan ba a buɗe shi ba baƙuwa ba za ta motsa ba. Makullinsa kuwa yana cikin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke manne a babban allon kwamfuta, wadda ke fara farkawa kafin Windows. A tsofaffin kwamfutocin ofis da dama, yadda suka fito daga masana'anta wannan makulli a rufe yake, sai wani ya shiga ya buɗe. Abin da ke riƙe agogo da irin wannan saiti idan babu wuta shi ne wani ɗan batir mai kama da sulalla, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, wanda ake samu a shagon masu agogo. Idan ya mutu, kwamfutar takan manta abin da aka saita mata ta koma yadda ta fito daga masana'anta.

A nan ne halin da muke ciki ya shigo, kuma ina ganin shi ya sa shawarwarin da ɗalibanmu ke karantawa daga waje ba su cika ambaton wannan batir ba. Muddin kwamfutar tebur tana jone da soket kuma akwai wuta, ko da an kashe ta, ɗan ƙaramin lantarki yana ci gaba da ratsa babban allonta, shi ne ke riƙe saitin, batir kuwa yana hutawa. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, batir na iya mutuwa a shekara ba a sani ba. Mu da ake ɗauke mana wuta sau da yawa a yini, ana kuma sauyawa daga NEPA zuwa janareta, batirin ne ke ɗaukar nauyin, ga shi kuma ya riga ya tsufa kafin kwamfutar ta hau jirgin ruwa. Saboda haka duk wanda ya buɗe VT-x yau, gobe ya tarar ya rufe kansa, agogo kuma ya rikice, kada ya zargi Windows ko ƙwayar cuta. Ya cire wayar wuta, ya buɗe murfin akwatin, ya canza batirin, sannan ya sake saiti. Mun yi haka a kwamfutar ɗalibar, cikin minti goma baƙuwa ta tashi, sai dai aikinta bai dawo ba, domin sabuwar Windows ta riga ta rubuta a kan gurbinsa.

Ga wanda zai shiga BIOS, ana danna maɓallin ne da zarar an kunna kwamfuta, kafin tambarin Windows ya bayyana. A kwamfutocin HP yawanci F10 ne, a Dell F2, a Lenovo na ofis F1, a waɗanda aka harhaɗa da hannu kuma galibi Delete. Sunan da za a nema ya bambanta: wani wurin an rubuta Virtualization Technology, wani wurin VT-x, a na AMD kuma sau da yawa SVM Mode, kuma wasu kamfanonin sun ɓoye shi a sashen tsaro maimakon sashen furosesa. Bayan an buɗe an adana, gara a kashe kwamfutar gaba ɗaya a sake kunnawa, domin wasu allunan ba sa karɓar canjin sai wuta ta yanke. Ana iya tabbatarwa daga cikin Windows ta hanyar danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga shafin da ke nuna aikin furosesa, inda akwai layin da ke faɗin ko a buɗe yake ko a rufe. Ina gargaɗin ɗalibaina da cewa wanda ya shiga BIOS ya taɓa abin da ya kai shi kawai. Wanda ya canza yanayin SATA, wato yadda faifai ke hulɗa da babban allo, daga yadda ya same shi zai iya tarar da Windows kanta ta ƙi tashi, wanda kuma ya taɓa saitin tsaro mai suna Secure Boot a kwamfutar da BitLocker, wato makullin faifai na Windows, ya kulle zai iya cin karo da allon da ke neman lambobi 48 waɗanda bai taɓa adanawa ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Akwai kuma waɗanda za su duba ko'ina ba su ga makullin ba, domin furosesansu ba shi da shi tun asali. Misali, Core 2 Duo E4500 ba shi da VT-x, alhali E8400 yana da shi, kuma shafin Intel yana ɗauke da bayanin kowane furosesa. Ya kamata ɗalibi ya duba wannan kafin ya biya kuɗin kwamfutar gwanjo, ya kuma tabbatar cewa ofishin da ya sayar da ita bai bar kalmar sirri a kan BIOS ba.

Abin da nake koya wa ɗalibai tun daga wannan lamari shi ne su fara lura da wurin da baƙuwar ta tsaya, domin shi ne ke nuna wanda za a tuhuma. Idan ta ƙi tun kafin tagarta ta buɗe, laifin yana wajen mai masauki, ko a BIOS, ko a direbobin manhajar, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da sassan kwamfuta, ko a fayilolin baƙuwar. Idan taga ta buɗe amma aka tsaya a baƙin allo mai farin rubutu, to baƙuwar ta farka, abin da za ta tashi da shi ne ba ta samu ba. Idan kuwa tambarin Ubuntu ko Windows ya bayyana a cikin tagar sannan ya daskare, matsalar ta cikin gidan baƙuwa ce, kuma babu dalilin taɓa mai masauki ko kaɗan.

Bayan BIOS, abin da ya fi rikita mutane shi ne su ga VT-x a buɗe amma VirtualBox ta dage cewa babu shi, ta rubuta VERR_VMX_NO_VMX, ko kuma jerin baƙin da za a iya kafawa ya nuna masu bit 32 kawai, masu bit 64 sun ɓace. Yawanci dalilin shi ne wani ya riga ta hawa kujerar, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Windows tana da nata mai kula da baƙi, wato Hyper-V, wanda idan an kunna shi yake tashi tun kafin ita Windows ɗin, ya riƙe VT-x a hannunsa. Mutum zai rantse cewa bai taɓa kunna shi ba, kuma gaskiyarsa ne, domin abubuwa da dama suna tayar da shi ta bayan gida: WSL 2 da masu koyon rubuta manhaja ke ɗorawa, da Docker Desktop, da Windows Sandbox, da kuma wata kariya mai suna Memory integrity wadda Windows 11 kan kunna da kanta a sababbin kwamfutoci. Idan aka rubuta systeminfo a tagar umarni, layukan ƙarshe za su faɗi ko an gano wani mai kula da baƙi yana aiki. Sababbin fitowar VirtualBox, daga 6.0 zuwa sama, da VMware Workstation daga 15.5.5 ta shekarar 2020, sun koyi zama a ƙarƙashin Hyper-V, saboda haka matakin farko shi ne a sabunta manhajar. Sai dai wannan zama yana da tsada a wajen sauri, kuma VirtualBox ba ta ɓoye hakan ba, domin takan nuna hoton wani koren kunkuru a ƙasan tagar baƙuwa. Wanda ya ga kunkurun ya san dalilin nawar da yake fama da ita.

Wanda yake son kawar da Hyper-V zai buɗe tagar umarni da ikon mai gudanarwa ya rubuta bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, ya kashe Memory integrity a sashen tsaro na Windows, sannan ya sake kunna kwamfutar. Amma ba na ba da wannan shawara ido rufe. WSL 2 da Docker za su daina aiki har sai an mayar da kalmar ƙarshen umarnin zuwa auto, ita kuma waccan kariya ba ado ba ce, tana tare miyagun direbobi daga shiga zuciyar Windows. A kwamfutar koyo da ke ajinmu ina kashe ta ba tare da damuwa ba. A kwamfutar da ake hulɗar banki ko ake ajiye bayanan mutane da ita kuwa, na fi son a haƙura da kunkuru.

Masu amfani da Linux a matsayin mai masauki suna da nasu ciwon, wanda ke zuwa da rubutun "Kernel driver not installed" da lambar rc=-1908. Yakan biyo bayan sabunta zuciyar tsarin ne, lokacin da direban VirtualBox mai suna vboxdrv bai sake ginuwa ba, ko kuma Secure Boot ya ƙi karɓarsa domin ba a sa masa hannu ba. Sake gina direban da yi masa rajista da umarnin mokutil ya wadatar. Tun fitowar Linux 6.12 a ƙarshen 2024 kuma, KVM, wato mai kula da baƙi na Linux, kan kama VT-x da zarar an loda shi, wanda shi ma rigimar sarakuna biyu ce da wata riga.

Sai batun rowa da almubazzaranci. Na sha ganin ɗalibi mai RAM gigabait 8 ya ba baƙuwa 7, wai domin ta yi sauri, ya bar mai masauki da yunwa, sai ko dai baƙuwar ta ƙi tashi saboda babu isasshen wuri, ko kwamfutar duka ta sandare. A shafin saiti na VirtualBox akwai ma'auni mai kore da ja, kuma hikimar ita ce a tsaya cikin kore, wajen rabin abin da ake da shi. Ta ɗaya ɓangaren, Windows 11 da ta fito a Oktoban 2021 ba ta karɓar ƙasa da RAM gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 64, tana kuma neman wata na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, wanda sai a VirtualBox 7.0 ta shekarar 2022 aka samar wa baƙi. Tunda Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, masu gwada Windows 11 a matsayin baƙuwa za su ƙaru, kuma mai tsohuwar VirtualBox zai sha wahala kafin ya gane dalili. Wurin ajiya ma yana da tarkonsa. Faifan baƙuwa yakan fara ƙarami ya riƙa kumbura gwargwadon abin da ake zubawa, har ya cinye faifan mai masauki, a nan sai baƙuwar ta tsaya cak. Wanda kuma ya ajiye baƙuwarsa a filash mai tsarin FAT32 ya sani cewa wannan tsari ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, komai girman filash ɗin.

Baƙin allo mai rubutun "No bootable medium found" shi ne mafi sauƙi duk da cewa ya fi tsorata sababbin shiga. Ma'anarsa ita ce faifan baƙuwa babu komai a cikinsa, kuma ba a saka fayil ɗin ISO da za a ɗora babbar manhaja daga gare shi ba. Idan an saka amma abin bai canza ba, a tuhumi shi fayil ɗin. Da irin intanet ɗinmu mai yankewa, saukar da gigabait biyar ba tare da tangarɗa ba sai an dace, kuma fayil na iya nuna ya kammala alhali da ragowa. Masu fitar da Ubuntu da Kali suna wallafa wata lambar tantancewa mai suna SHA-256 ta kowane fayil, a Windows kuma umarnin certutil -hashfile, idan aka biyo shi da sunan fayil ɗin da kalmar SHA256, yana fitar da lambar wanda aka sauke domin a gwada su. A kuma lura kada a sauko da na furosesan ARM, domin ba zai tashi a kan Intel ko AMD ba.

Na bar ɓarnar ɗaukewar wuta zuwa nan saboda ita ce ta fi buƙatar natsuwa, kuma a nan ne hannu mai gaggawa ke yin asara. Idan wuta ta yanke baƙuwa tana aiki, abubuwa uku sukan faru. A VMware, manhajar takan ajiye wasu ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .lck a matsayin alamar cewa akwai mai amfani da baƙuwar, kuma tunda ba a rufe ta bisa ƙa'ida ba, alamar takan zauna, sai a wayi gari tana cewa wani yana ciki. Idan an tabbatar babu wata taga da ke riƙe da ita, cire waɗannan fayiloli kaɗai ya isa. A VirtualBox, fayil ɗin saiti mai ƙarewa da .vbox na iya lalacewa har baƙuwar ta koma nuna cewa ba a iya isa gare ta, amma a gefensa akwai kwafin da ya gabace shi mai ƙarewa da .vbox-prev, wanda idan aka sauya masa suna yake maye gurbinsa. Na uku shi ne baƙuwar da aka kwantar, wato aka adana halin da take ciki maimakon a kashe ta, wadda ta ƙi farkawa saboda hoton ƙwaƙwalwarta da aka adana ya lalace ko bai dace da sabuwar fitowar manhajar ba. Maɓallin Discard yana zubar da wannan hoto, kuma daidai yake da zare wayar wuta: abin da ba a adana ba ya tafi, amma abin da ke kan faifai yana nan. Kafin a taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, a kwafe foldar baƙuwar dungurungum zuwa wani wuri. Kuma kada a yi kuskuren goge fayilolin da ke cikin foldar Snapshots domin neman fili, ko da sunayensu sun yi kama da shara, domin duk aikin da aka yi tun daga ranar da aka ɗauki hoton baƙuwar, wato aka ajiye yanayinta domin a iya komawa gare shi, yana cikinsu ne, ba a babban faifan ba.

Idan saƙon da ya fito bai faɗi komai ba sai E_FAIL da 0x80004005, wanda ma'anarsa kawai ita ce an samu matsala, sai a koma ga littafin da manhajar ke rubutawa da kanta. A cikin foldar kowace baƙuwa akwai Logs, a ciki akwai VBox.log, na VMware kuma vmware.log. Ba sai an fahimci dukkan layukan ba. A gangara ƙasa a nemi kalmar da ta fara da VERR, a kwafe ta yadda take a bincika. Ɗalibin da ya aiko mini da saƙo cewa "Malam, ta ƙi yi" ba ni da abin da zan ce masa, amma wanda ya ɗauki hoton akwatin da wayarsa ya turo, sau da yawa kafin ya iso cibiya mun gama.

Ba na so a ɗauki wannan wasiƙa a matsayin suka ga masu gyara, domin da yawansu a bakin aiki suka koya, kuma su ne ke riƙe da tsofaffin kwamfutocin da muke karatu da su. Na kuma san dalilin da ya sa fomatin ya zama maganin kowace cuta: yana da sauri, kuɗinsa sananne ne, mai kaya kuma yana tsaye a kansu yana duba agogo. Roƙona gare su shi ne, kafin su goge faifan kowa, su tambaye shi ko yana da baƙuwa a ciki, su kuma bincika da kansu ko akwai fayil mai ƙarewa da .vdi ko .vmdk ko .vhdx, domin mai kayan ma ba lallai ne ya san inda take zaune ba. Su kuwa cibiyoyi da sassan kwamfuta na makarantu, ya kamata darasin farko a kan VM ya haɗa da nuna wa ɗalibi foldar baƙuwarsa da yadda zai fitar da ita a matsayin fayil ɗin OVA, wanda ke ɗauke da ita dungurungum, ya ajiye a wani faifai dabam, kafin a koya masa umarni ko ɗaya na Linux. Ni kaina ban kasance ina yin haka ba, kuma ina ganin ina da kaso a cikin asarar ɗalibata.

A yanzu ta sake gina kusan rabin aikin daga abin da ta rubuta a littafinta da ɗan abin da ta taɓa tura wa malamin da ke duba ta, kuma kowace Juma'a tana kwafe baƙuwar zuwa faifan waje. Mu ma a cibiya mun bi kwamfutocinmu ɗaya bayan ɗaya mun canza musu batir, mun kuma liƙa wa kowace takarda a gefe mai ɗauke da ranar da aka canza da maɓallin shiga BIOS ɗinta.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani malamin koyar da kwamfuta,
Zariya, Jihar Kaduna.